Iri Bai Yi Kuka Ba

A gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Sifawa, a ƙasar Bodinga, in ka ji kakata Inna Kulu ta ce "iri", to ka dakata ka ga inda idonta ya nufa kafin ka amsa. In rumbun gero take kallo, na shuka take nufi. In bunsurun maƙwabta ne ya leƙo ta danga, za ta ce mai kyan iri ne, a bar shi ya yini cikin awakinmu. In kuwa kai ta zuba wa ido ta ce "wanga irin", to ba yabo ne ke tafe ba. Ta hango wani hali a jikinka wanda ta taɓa gani a wurin wani kakanka da ya daɗe a ƙasa, kuma har yau ba ta yafe masa ba.

Mace ce mai zargi, Allah ya jiƙanta. Ba ta sayen gishiri sai ta lasa, ba ta karɓar gaisuwa sai ta juya ta ta ga abin da ke ƙarƙashi. In baƙo ya yaba tuwonta, yana fita za ta ce akwai abin da ya zo nema. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana takwara, a ɗakinta nake kwana, kuma mutanen gida sun ce ba suna kaɗai na ɗauko ba. Ban musa musu ba. Yau ina koyarwa a firamare a Shagari, kuma in ɗalibi ya kawo mini aikin gida tsaf ba kuskure, abin da nake fara tambaya shi ne ko yana da yaya a sakandare.

Duk da wannan hali nata, babu inda muke so mu zauna kamar gindinta da yamma. In an gama girbi, sanyi ya fara shigowa, mukan tara karan dawa a tsakar gida mu hura wuta bayan an ci tuwo. Ta shimfiɗa tabarmarta, ta miƙe ƙafafu, ta binne dankali a toka, ta ce wanda ya yi gyangyaɗi ba shi da rabo. Matan gida su matso da ɗan aikin hannunsu, wata na ɓarar gyaɗa, wata na saƙar faifai. Tatsuniyoyinta ba irin na sauran tsofaffi ba ne. A nata, ba a taɓa yin baƙon da ya zo don Allah ba, kuma in kurciya ta yi sallama sai mu fara tambayar juna me ta ɓoye a ƙarƙashin fiffike. Takan tsaya a tsakiyar labari ta ƙirga dankalinta da kara, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ci gaba. Muna tsoronta, muna kuma sonta ƙwarai, ni dai ban taɓa jin ɗumi irin na gefen zanenta ba.

Babana shi ne ɗanta na fari, saboda haka akwai alkunya mai tsanani tsakaninsu. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Sai dai ta ce "wancan", ko "uban takwara". Ba ta duban fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo, ni take gaya wa ko da yana tsaye a wurin, ta ce a faɗa wa mutanen gidan nan rufin rumbu ya yaye. Shi kuma kullum bayan sallar isha'i zai shigo ya tsuguna can nesa da tabarmarta ya gaishe ta, ta amsa da "lahiya" tana kallon wani wuri, ya tashi ya koma zaure wurin maza. Iyakar hirarsu ke nan tun da na buɗe ido.

Abin da gidanmu ke taƙama da shi albasa ce. Ja ce, ba ta cika girma ba, amma takan kai tsakiyar damina a rumbu ba ta ruɓe ba, lokacin da ta kowa ta zama ruwa. Inna Kulu ta gaji irin daga uwar mijinta. Kowace shekara ita ke zaɓen albasar da za a mayar ƙasa ta yi fure, a yanke kawunan, a shanya, ta murje da hannunta, ta sheƙe. Ƙwayar baƙa ce wuluk, ƙanana kamar riɗi. Ta zuba a wani tsohon gora, ta toshe bakin da tsumma, ta ɗaure da igiyar rama, ta rataye a ƙuryar ɗakinta. Albasa kam ko wa ya roƙa za ta cika masa ƙwarya. Iri kuwa ba ya fita gidan, ko sarkin gari ne ya aiko.

A shekarar da nake ba da labari akwai amarya a gidan, Hajo, matar Baffa Dikko, ƙanen babana. 'Yar Horo Birni ce a ƙasar Shagari, inda gero da shanu suka fi albasa daraja. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, aiki kuwa kafin ka ce a yi ta gama. Ta zo da saniya guda da ubanta ya ba ta, da wata 'yar ƙwarya mai ɗauke da ragowar nonon gidansu. Shi ma iri ake ce masa: ɗan tsohon nonon da ake ɗigawa a sabuwar madara da yamma, kafin gari ya waye ta kama ta zama kindirmo. Hajo ba ta taɓa bari nata ya yanke ba, kullum sai ta rage na gobe. Ni da nake da kwaɗayi na fi kowa sanin ƙofar ɗakinta, ita kuma ba ta taɓa korata ba.

Abu ɗaya ne ya biyo ta daga garinsu. An ce wani kawunta an taɓa kama shi da ragon da ba nasa ba, tun ba a haife ta ba. Goggo Tumba, ƙanwar babana da ta dawo gida bayan mijinta ya rasu, ita ce ta adana wannan labari kamar yadda Inna ke adana goranta. Takan ce irin wannan hali a jini yake, ba ya tsallake gida, sai dai ya yi kwanton ɓauna.

Ranar da za a yafa iri a fangalin renon albasa, Inna Kulu ta sauko da goran. Ina zaune kusa da ita. Ta daɗe tana juya ƙullin igiyar kafin ta kwance. Ta zuba kaɗan a tafin hannu, ta kai hanci, ta murza, ta dubi yatsunta. Wani ja-ja ya ɗan kama su, kuma har inda nake ina jin warin magani. Goran cike yake kamar yadda ta bar shi, amma abin da ke ciki ba nata ba ne, sai ɗan kaɗan a can ƙasa. Wani ya juye irin gidan, ya cika mata da na wani wuri. Albasar bara kuwa an riga an kai kasuwa, ba sauran da za a mayar ƙasa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce an gauraya mata iri, ta miƙa goran aka tafi da shi fadama, don lokacin shuka ba ya jira.

Kafin azahar Goggo Tumba ta gama bincikenta. Ta ce da kunnenta ta ji Hajo, ranar kasuwar da ta wuce, tana gaya wa ƙanenta da ya zo daga Horo Birni cewa ga iri nan ya kai wa innarsu, ya riƙe da kyau kada ya zube. Ta kuma ga 'yar ƙwarya rufe da faifai, an ɗaure da tsumma. Aka kira Hajo. Ta ce gaskiya ne ta ba da iri, amma na nono ne, uwarta ta yi jinya, shanunsu sun yi nisa wurin kiwo, nata ya mutu. Goggo ta yi dariya ta ce yau ta ji sabon abu, wai daga gidan manoman albasa ake aika wa makiyaya irin nono. Ni kaina, da ƙuruciyata, na ji maganar Goggo ta zauna. Hajo ta ce a aika a tambaya. Goggo ta ce a tambayi wa, uwar za ta ƙaryata 'yarta ne? Inna Kulu na zaune tana jin su. Hajo na da ciki a lokacin, ya fara fitowa, ta juya ta koma ɗakinta a hankali.

Da yamma aka hura wuta kamar kullum, amma kowa a takure yake. Hajo ta fito da ƙwaryar gyaɗarta ta zauna can gefe, don rashin fitowar ma abin magana ne. Muka jira tatsuniya, Inna ta ƙi farawa. Ta yi ta gyara dankali a toka har aka idar da isha'i, babana ya shigo ya tsuguna ya yi gaisuwa. Maimakon ta amsa ya tashi, sai ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, ta ce, "Ku matso, ɗiyan ga. Ga wata tatsuniya nan ta taso, ban san bisa kan wa za ta sauka ba." Muka ce ta sauka lafiya. Babana ba shi da damar miƙewa uwarsa na magana, dole ya zauna a tsugune.

Ta ce an yi wata tsohuwa mai irin gero a tulu, gero mai kunne da baki. Duk wanda ya kusanci tulun, sai irin ya tambaya daga ciki, "Wa na?" In ɗan gida ne ya ce, "Naku na," sai irin ya yi shiru. In baƙo ne, sai ya kama kuka, kaca-kaca-kaca, har tsohuwa ta zo da taɓarya. Ɓera ya gwada ya sha duka, kurege ya gwada ya bar rabin wutsiyarsa. Gari duka ya san tulun tsohuwa ba ya satuwa. Ana nan sai iska ta jefo wata baƙuwar tsuntsuwa, jiƙe sharkaf, ta sauka a kan dangar gidan. Tsohuwa ta watsa mata tsakin dawa, tsuntsuwa ta yi sheƙa a nan, tana tashinsu da asuba, tana cinye musu kwari. Damina ta faɗi, tsohuwa ta ɗauko tulu ta shuka. Abin da ya tsiro ganyensa na gero, karansa na gero, amma da ya fitar da kai sai ga shibra, wadda ke zubewa ƙasa kafin a zo girbi. Mutanen gida suka ce ai ba wani sabon abu a gidan nan sai tsuntsuwar can, suka tattara duwatsu. Tsohuwa ta ce su dakata ta tambayi tulu. Ta leƙa ta sami ƙwaya ɗaya ta tsohon iri maƙale a gindi, ta ce mata, ke da ba ki barci, yaya aka yi aka kwashe 'yan'uwanki ban ji kukanku ba?

A nan Inna ta sassauta murya ta zama siririya, ta ce ƙwayar ta amsa: "Wanda yab buɗe mu, naku na yac ce. Shi as sa ba mu yi kuka ba."

Muka jira, muka jira, ba ta ƙara ba. Na ce to wa ya buɗe, Inna? Ta ce, "Takwara, ni tatsuniya nika yi, ba shari'a ba." Goggo Tumba ce ta cike mata gurbin. Ta ce ai abin a fili yake, tsuntsuwar ta daɗe a kan danga tana saurare, har ta koyi yadda 'yan gida ke amsawa. Tana faɗa tana kallon gefen da Hajo ke zaune. Duk muka juya. Hannun Hajo ya tsaya a cikin gyaɗar, idonta na kan Inna, ba ta ko ƙifta ba. Inna ba ta ce haka ne ba, ba ta ce ba haka ba ne. Ta ɗauki kara ta tura cikin wuta. Babana ya yi gyaran murya, ya ce a kwana lafiya, ya fita. Aka raba dankali, ni har na ci nawa da na Hajo, don ta ce ba ta so.

Daga ranar ba wanda ya sake ce wa Hajo ɓarauniya, kuma da ma an faɗa da ya fi sauƙi. An dai daina barinta ta share ɗakin Inna. In ludayi ya ɓace, sai a tsaya ana cigiyarsa daidai ƙofarta. In ta shigo wuri, mai kuɗi a bakin zane sai ta ƙara ƙulli. Maƙwabta da ke aiko yara karɓar irin nono suka koma wani gida. Baffa Dikko mutum ne mai sanyi, yana son matarsa, amma ba ya iya tsayawa gaban yayyensa, sai dai ya ce mata ta yi haƙuri zai wuce. Abin da ya ɗaure mini kai a lokacin shi ne Inna Kulu. Ita da aka yi wa ɓarnar, ita ce ta koma tana ajiye wa Hajo tsokar nama, ta ba ta sabon zane daga cikin adakarta, kuma kullum sai ta sha furarta da nonon Hajo a gaban kowa. Goggo ta ce tsohuwa ta cika yafiya. Ni kuwa na san kakata, ko kaza ce ta taka mata shanya sai ta shekara tana harararta.

Da cikin ya tsufa, Hajo ta tafi garinsu haihuwa kamar yadda ake yi a ta fari. Ta sa aka kora mata saniyarta, wai don ta sha madara, kowa kuma ya gane ba ta da niyyar dawowa. Ta haifi namiji aka sa masa Sani. Aka yi arba'in ba ta dawo ba. Baffa Dikko ya yi ta zarya biko har ya gaji, ta ce ita ba fushi take ba, amma ba ta iya zama inda ake ƙirga ludayi saboda ita. Auren ya mutu. Da aka yaye Sani, aka je aka ɗauko shi, tunda ɗa na gidan ubansa ne. Inna ta karɓe shi ta duba kunnuwansa da yatsun ƙafarsa, ta ce irinmu ne. Amma duk ranar da ya sa hannu a tukunya kamar yadda kowane yaro ke yi, sai ka ji wani ya ce irin uwa ba ya ɓuya. Da wannan ya girma a cikinmu. Albasar sabon irin kuwa ta yi manya-manya, ta cika buhuna, sai dai ba ta jure ajiya, kuma tamu ta da ba mu sake ganinta ba.

Inna Kulu ta daɗe da rasuwa, na yi aure, an turo ni aiki Shagari, sannan na ji sauran labarin, kuma ba a ɓoye na ji shi ba. Babana ne ya zo ganin likitan ido ya sauka a wurinmu. Bayan cin abinci suna hirar noma da maigidana, ina kwashe kwanuka, sai na ji yana bugun ƙirji wai shi ya fara kawo irin zamani ƙauyenmu. Malamin gona ne ya ba shi, ya san tsohuwa ba za ta taɓa yarda ba, ga shi ba hanyar da zai zauna ya yi mata bayani. Sai ya bari ta tafi suna Sifawa da matan gida, ya shiga ya juye nata, ya ba wani abokinsa na Dandin Mahe, ya cika mata da sabo. Yana faɗa yana dariya, wai ya ɗauka duk baƙin iri ɗaya ne, ashe tsohuwa hancinta ya fi na kare.

Na ajiye kwanon da ke hannuna. Na ce, "Baba, Hajo fa?" Ya ce wace Hajo. Na ce uwar Sani. Dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce wannan ai zamansu ne ya ƙare, aure rai gare shi. Ya nemi buta ya tashi, alhali lokacin salla bai yi ba. Ubana ne, ya yi mini komai a duniya, ban kuma daina sonsa ba, amma a ranar na ji haushinsa har cikin ƙashina.

Horo Birni ba nisa daga inda nake. Ranar da ba makaranta na hau mashin na je na yi cigiya. Na same ta ta tsufa, ta yi wani auren, tana da jikoki, tana zaune gindin bedi tana burga nono. Ta gane ni tun kafin in faɗi sunana, ta ce kwaɗayayyar nan ce ta Inna Kulu. Ta dama mini fura. Na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na faɗa mata abin da na ji, ina jiran ta yi salati ko ta fashe da kuka. Ko burgar ba ta tsayar ba. Ta ce ai ta sani. Ranar sunan ba ta je ba, laulayi ya kwantar da ita, ta cikin asabari ta ga shigarsa da fitarsa. Na ce me ya hana ta faɗa. Ta dube ni kamar ban da wayo, ta ce yayan miji ne, babban gida, ita kuwa 'yar ƙanwar mai rago, wa za a ɗauka a bar wa?

Na tambaye ta abin da ya kawo ni tun farko, ko Inna ta sani. Nan ta ajiye maburgi.

"Ta sani mana. Ƙullin da anka yi ma goran na masu ɗaurin buhu na, mace ba ta yi nai. Ran nan mu ukku munka gane tatsuniyag ga, ni da ita da shi. Don shi tay yi ta, ba ta da wani bakin da za ta yi mai magana. Nij jira shi buɗe baki, bai buɗe ba. Nij jira ta ta ce ma Tumba ba haka na ba. Kalma guda ta ishe ni. Sai tas sa kara ga wuta."

Ta ce ba ta riƙe tsohuwar a zuci ba, ta ga zanen da naman, ta san ban-haƙuri ne. Amma zane ba ya wanke suna. Da zan tafi ta rako ni har bakin hanya, ta ce ita tata ta wuce, in ina son in yi wani abu, in gaya wa Sani.

Na daɗe ina juya wannan tatsuniya a raina. Ina ƙarama na ɗauka darasinta shi ne a yi hattara da baƙo. Yanzu na san kakata ta faɗi gaskiya iyakar inda al'ada ta bar bakinta ya kai, ta ajiye wa ɗanta ƙofa a buɗe ya shigo da kansa. Sai dai halin da na gada daga wurinta ba ya barina in tsaya a nan. Kunyar ɗan fari ta hana ta kiran sunansa, na yarda, amma ba ta hana ta wanke Hajo ba. Matar da ke sanin an taɓa mata dankali a cikin toka ba za ta kasa ganin inda idon mutane ya nufa ba. Ina zargin ta auna ne, ta ga a cikin biyun ɗaya ne irinta, ta bar ɗayar ta ɗauki kayan. Ina sonta har gobe, ina yi mata addu'a, kuma wannan zargin bai bar ni ba.

Sani yanzu magidanci ne, yana ɗinki a kasuwar Bodinga. Na same shi a shagonsa na jira har masu karɓar kaya suka watse, na ba shi labari daga farko har ƙarshe. Bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana kallon hannuwansa a kan keken. Ya ce mini tun yana yaro bai taɓa shiga ɗakin wani shi kaɗai ba, sai ya kira wani ya tsaya a ƙofa. In yadi ya ragu komai ƙanƙantarsa sai ya naɗe ya bi mai shi da shi har gida, abokan sana'a suna yi masa dariya. In ya shiga cunkoso, hannuwansa a baya yake haɗewa. Ba tsoron mutane yake ba, ya ce, kansa yake tsoro, don an gaya masa abin yana cikin jininsa, yana jiran ranar da zai tashi.

"Yaya Kulu," ya ce, "ashe dut tsawon rayuwata gadin hannuna nika yi, ba wani ɓarawo ciki."

Ya tashi ya rufe shagon da rana tsaka, ya tambaye ni ko mashin na kaiwa har ƙofar gidan da uwarsa take.